Ciwon mara shekara biyu, an ce sanyi ne amma ya ƙi jin magani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah Admin a ɓoye sunana. Shekarata 36, haihuwata biyar. Tun bayan ta huɗu marata ke ciwo, ba mai suka ba, nauyi ne kamar an ɗaura mini dutse, ya fi tsanani ta hagu. Da safe lafiya lau nake tashi. In na wuni tsaye a kicin ina suyar awarar sayarwa, kafin magariba sai na dafe ƙugu. In na kwanta na ɗaga ƙafa kan filo ya lafa. Bayan kwanciyar aure kuwa har washegari ina jinsa, abin ya fara shiga tsakanina da maigida. Jijiyoyi kuma sun fito ruɗu-ruɗu a cinyata ta ciki har gefen gabana. Na sha maganin sanyi na kemis da na gargajiya har na gaji. Sikanin sau biyu, an ce ba komai. Me zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumussalam. Sannu 'yar'uwa. Ba zan yanke miki hukunci daga waya ba, amma bayaninki ya yi kama da cunkoson jini a jijiyoyin mara. Jijiyoyin da ke mayar da jini sama daga wajen mahaifa suna da 'yan ƙofofi masu hana shi komawa baya. Ciki bayan ciki yana buɗa su, ƙofofin su saki, jini ya taru a ƙasa in kina tsaye. Shi ya sa kwanciya ke ba ki sauƙi. An fi samunsa ta hagu, domin jijiyar wannan ɓangaren cikin jijiyar ƙoda take zuba jininta. Sikanin da aka saba yi kina kwance yakan rasa shi, don jijiyoyin sun sace a lokacin. Ki je wurin likitan mata a asibitin koyarwa, ki ce ciwon ya wuce wata 6, ki nemi sikanin Doppler, wato mai nuna yadda jini ke gudana a jijiya, wanda ake yi ta gaban mace. In ya ga alama zai iya tura ki CT ko MRI, wato hoton cikin jiki da babbar na'ura. Ki nuna masa jijiyoyin cinyar nan, kar kunya ta hana ki.

Wata uwa: Wallahi kamar labarina kika rubuta. Ni allurar Depo ta wata uku aka sa ni, ciwon ya ragu sosai, sai dai na yi ƙiba kuma al'adata ta rikice. Ki daina shan maganin sanyin nan haka kawai, 'yata.

Ma'aikaciyar jinyar: Gaskiya ne Mama. In magani bai yi ba, akwai aikin toshe jijiyar. Ba a yanka ciki: siririn bututu ake zurawa ta jijiyar wuya ko ta matsematsi, a sa 'yar waya mai murɗe a toshe wadda ta lalace, jini ya bi lafiyayyun. Yawanci ranar ko washegari ake sallama, mahaifa tana nan. Amma likita zai fara duba ko fibroid ne (ƙarin mahaifa) ko endometriosis (tsirowar irin naman cikin mahaifa a wajenta). In kuma kin ga zazzaɓi, ruwa mai wari ko zubar jini, kar ki jira ranar layi.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Na karanta wa maigida amsarki, ya ce Litinin za mu je. Anti, in an toshe jijiyar, mace tana iya sake ɗaukar ciki?