Masu tsofaffin motoci: wane shokazoba kuka saka, yaya kuka ji shi?

Mai 504, Zariya:
Assalamu alaikum. Peugeot 504 salun ce da ni, haɗin Kaduna, gadon mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Inji lafiya lau, ƙasanta ne ya gaji. In na hau tudun rage gudu sai ta yi ta rausaya kafin ta nutsu, in na taka burki gaba ya duƙa. A kasuwa wani ya ce in sa shokazoba mai gas, wani ya ce mai gas zai kashe mata laushin da aka san Fijo da shi. Don Allah wanda ya taɓa sakawa da kansa ya faɗa mana abin da ya gani.

Tsohon direban tasha:
Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba. Ni wagon na ja, Kano zuwa Maiduguri, fasinja cike, kaya har saman rufi. Shokazoba mai mai zalla, wanda ba gas a ciki, yana da daɗi in an fito da safe, amma kafin Potiskum, in ka sha gargada, sai ka ji bayan mota ya saki. Ka tsaya ka taɓa shi, ba ka iya riƙewa don zafi. Man ne ke yin kumfa a ciki, in ya huce ya dawo daidai. Da na koma mai gas wannan ya ƙare. To amma kai ba lodi za ka yi ba, yaro, kada ka auna motarka da tawa.

Bakanike, Panteka:
Malam mai 504, kafin ka kashe ko sisi, ajiye motar a wuri mai shafe ka ja da baya ka dube ta. In ta zauna ta baya, ko ta karkata gefe ɗaya, wannan ba aikin shokazoba ba ne, sifirin ne ya mutu. Sifirin ke ɗaukar nauyi, shokazoba hana lilo kawai yake yi. Kullum sai an kawo min mota an sa mata sabo fil, mai ita yana faɗa wai an sayar masa da jabu, alhali sifirin da robobin ƙasa tun na kamfani ne, ka sa yatsa robar ta marmashe.

Sannan 504 ba iri ɗaya ba ce. Wasu salun kowace tayar baya da hannunta take tafiya, wasu kuma gatari ɗaya ne. Wagon gatari ɗaya ne a baya, a-kori-kura kuma sifirin ɗinta mai falle-falle ne. Tsawonsu da taurinsu ba ɗaya ba, ko da bakin noti ya shiga. Mai kanti zai ce maka "duk Fijo ce, zai hau". Zai hau ɗin, amma in ya fi tsawo, shi zai riƙa cin dukan rami har ya fashe, in ya gaza kuma zai riƙa fizgar taya sama. Ka kwance tsohon ka tafi da shi, a gwada a buɗe, a gwada a danne.

Na gaba kuma, in har na asali ne, kada ka yar. Peugeot da kansu suke ƙera nasu a wancan lokacin, kuma ana buɗe shi a canza roba a zuba mai. Abin da ke lalata aikin shi ne yaran da ke ɗura masa baƙin man inji don ya yi tauri. Kwana kaɗan sai ka ga ya fara tsiyaya. In sandar ciki ta yi zane ko tsatsa, to gyara ya ƙare, sai sabo.

Mai Kunkuru:
Ni Volkswagen Beetle gare ni. Inji a baya yake, gaba ba nauyi. Aka sa min mai gas mai ƙarfi duka huɗun, wallahi sai ta koma kamar amalanke, ko tsakuwa na taka sai na ji ta a haƙori. Na mayar da mai mai a gaba, na bar mai gas a baya, shi ke nan muka shirya.

Tsohon direban tasha:
Ka ji ko. Abin da na ce ke nan, kowace mota da nata.

Alhaji mai Marsandi, Maraɗi:
Tawa Marsandi W123 ce, 230E. Na kamfanin Bilstein na sa, mai gas, ban ji ta yi tauri ba ko kaɗan, don motar tana da nauyi, kuma Marsandi sun daɗe suna fitar da motocinsu da irinsa, tun 1957. Don haka ban yarda a ce mai gas bai dace da tsohuwar mota ba. A tambayi dai wane irin gas ɗin. Akwai mai bututu ɗaya, gas ɗinsa da ƙarfi, akwai mai bututu biyu da ɗan gas kaɗan, shi wannan bai da nisa da mai mai wajen laushi. KYB da Monroe da Sachs duk suna yin irinsa.

Gargaɗi ga masu wagon ɗin W123: bayanta ba shokazoba irin namu ba ne. Famfon da inji ke juyawa ne ke tura mai yana ɗaga ta in an yi lodi, da wasu ƙwallaye biyu masu gas a ƙasa. In baya ya ƙage yana tsalle, yawanci ƙwallayen ne suka mutu. Maƙwabcina ya bari aka cire tsarin duka aka sa na salun, yanzu buhu biyu ya sa sai ta durƙusa.

Mai 504, Zariya:
Na gode ƙwarai. Oga Bakanike, na duba, ta ɗan zauna ta hagu a baya. To na Beljiyam fa? An nuna min guda biyu, rabin kuɗin sabo.

Bakanike, Panteka:
Sifirin na Beljiyam zan iya saya in na auna tsawonsu biyun sun zo ɗaya. Shokazoba kuwa a'a. PAN, kamfanin Peugeot na Kaduna, ta fara haɗa mota a 1975, ita 504 tun 1968 ta fito a Faransa, kuma a Turai an daina yin salun ɗinta tun farkon shekarun 1980. To na Beljiyam ɗin da za a ba ka, lissafa shekarunsa. Ana wanke shi da fetur a fesa baƙin fenti ya yi ƙyalli. In dole sai ka saya, tsayar da shi a miƙe ka ja ka danna, in ka ji wani wuri ya tafi fayau ba riƙo, ajiye musu. Mai gas in ka danne ka saki da kansa zai miƙe.

Ga yadda zan yi in tawa ce: sifirin baya biyu, robobi duka, a buɗe na gaba a gani, baya a sa mai bututu biyu. Biyu-biyu ake canzawa, ba a sa sabo a dama a bar tsoho a hagu. Kuma ka tsaya a kansu, kada su ƙarasa ɗaure notin robobi mota tana kan jak, sai an sauke ta ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar a murɗe za ta zauna ta yage da wuri. Daga nan ka wuce wurin masu saita taya.

Mai Kunkuru:
Oga, wannan maganar noti ta shafi Beetle ma? Gobe nake son canza robobin baya.

Bakanike, Panteka:
Na shokazoba, ƙwarai. Sauke ta tukuna.