Cire gashi da na'urar leza: abin da masana fata a Zariya suka tsaya a kai

Masanan sun fi daɗewa a kan irin na'urar da za a yi aiki da ita. Hasken leza baƙin gashi yake bi har saiwa, don haka ga baƙar fata na'urar leza da ake kira Nd:YAG, mai tsawon zangon haske nanomita 1064, ta fi dacewa, domin haskenta bai cika kama baƙin fatar ba. Wata na'urar takan ƙona fata ta bar tabo. A fara gwadawa a ɗan wuri, a jira kwana biyu.

Mako 4 kafin zuwa a daina halawa da tuge gashi, domin idan babu saiwa hasken bai da abin kamawa. A aske da reza ana gobe. Mai shafa man bilicin ta faɗi gaskiya, fatarta ta yi laushi, saurin ƙuna gare ta.

Bayan an gama, ja da ɗan kumburi ba komai ba ne, a ɗora tsumma mai sanyi. Kwana 2 babu ruwan zafi, babu turaren tsuguno, dilka kuwa sai bayan mako guda. Man kariyar rana SPF 30 kullum, ko da hazon hunturu ya rufe gari. Gashin zai zube cikin mako 1 zuwa 3, kada a tuge shi.

Zama 6 zuwa 8 ake yi, kuma hasken ba ya cin furfura. In fata ta yi bororo, a garzaya wurin likitan fata a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.