Dubu 60 ne a hannuna, yara uku, ga Kirsimeti a bakin ƙofa

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Don Allah a ɓoye sunana, akwai dangin maigida a cikinmu. Ina zaune a Jos gefen Tudun Wada, yarana uku, babbar mace shekara 11, na tsakiya namiji 7, sai auta mace 4. Babansu malami ne a wata makarantar kuɗi, albashinsa ko dubu 70 ɗin nan da aka ce shi ne mafi ƙaranci tun 2024 bai kai ba, ni kuma ina suyar ƙosai da doya da yamma. Makon jiya na kwashi adashe dubu 60, dubu 25 a ciki cikon kuɗin makarantar Janairu ne, saura 35 ke nan kuma a ciki za a yi kayan sawa a yi shinkafa a yi nama.

Abin da ya hana ni barci shi ne babbar. Da bakina na ce mata in ta shigo cikin ukun farko a ajinsu zan saya mata takalmi sabo fil na kanti da 'yar jaka, yarinyar nan ta dage ta zo ta biyu tun watan Yuli, ba ta taɓa tuna min ba amma duk muka wuce kasuwar Terminus sai in ga idonta na kan takalman. Namijin bindigar roba da tabarau yake so, ga kuma Mama uwar maigida tana ta kira wai mu taho ƙauye Pankshin da jikoki. Wata ƙawata ta ce in ci bashi a waya kawai in biya a Janairu. In ci ne, ko in taɓa na makarantar? Ku taimaka min da shawara.

Maman 'yan biyu, Bukuru: 'Yar'uwa ki rufa wa kanki asiri da bashin wayar nan. Ni na ci shekara biyu da suka wuce, dubu 20, kwana biyu kacal na makara sai ga saƙo ya je wa mutanen da ke cikin wayata har da matar fasto wai ni mai cin bashi ce ta gudu, ranar Lahadi da ƙyar na shiga coci. Kuma Janairun da kike cewa za ki biya, shi ne watan da ba wanda yake da ko sisi, ciniki ma mutuwa yake yi. Dubu 25 ɗin nan ki kai makaranta gobe ki karɓo rasit, in tana gida sai an ci ta.

Wani tela, Kafanchan: Madam ni ɓangarena zan faɗa. Turmin atamfa yadi 6 ne, falle uku. Mai shekara 11 falle ɗaya da ɗan ƙari ya ishe ta doguwar riga, auta yadi ɗaya da rabi, abin da ya rage ya yi wa yaron riga ya sa da wandon da yake da shi. Sun yi anko ke nan da turmi ɗaya, kuma yara uku cikin anko sun fi ɗaukar ido a coci a kan kayan kanti. Amma ki kai ɗinki yanzu yanzu. Daga 10 ga Disamba mu teloli kuɗi muke ƙarawa, ga rashin wuta, ga alkawarin da mu kanmu mun san ba za mu cika ba, kar ki zama cikin masu zaman shago daren 24. Ki ce a yi ɗinki mara ado kuma a bar lanƙwasa a ƙasa don a sake ta baɗi.

Mai gwanjo: Kina Jos kina kukan takalmi? Ki shiga kasuwar Katako da sassafe ranar da ake fasa dila, ki ɗauki zaɓin farko, ki wanke ki shafa mai, ba wanda zai gane. Da sanyin Jos ma rigar sanyi ta fi musu amfani a kan komai.

Kaka, Zumuntar Mata: 'Yata, na gwanjo yana da kyau ga ƙananan biyu, amma ban yarda a yi wa babbar haka ba. Sabo kika ce mata. Ta cika nata, saura naki. Yaro yana manta shinkafar da ya ci amma ba ya manta alkawari, ni yau jikoki gare ni har yanzu ina tuna ɗankwalin da babana ya ce zai kawo min daga Kano bai kawo ba, Allah ya ji ƙansa. Ki zaunar da ita ki faɗa mata gaskiya, kuɗin ba zai kai takalmi da jaka ba, ta zaɓi ɗaya yanzu ɗayan sai Ista. Ki tafi da ita kasuwa ta gwada da ƙafarta ta ga yadda kike taya farashi. Mai shekara 11 ta san halin da gida yake ciki fiye da yadda kike tsammani, shirun da ta yi ma shi ya nuna miki.

Baban yara, Kaduna: Maganar ƙauye ku bar wa maigida, uwarsa ce, shi ya kamata ya lallashe ta ba ke ba, kar a ce suruka ta hana a ga jikoki. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin motar mutum biyar zuwa da dawowa kaɗai zai lashe abin da kike da shi, ga tsaraba. Ya je shi kaɗai ranar 26 da ɗan cincin da sabulu. Nama kuma ku nemi watanda a unguwa ko a coci, in kaso ɗaya ya yi nauyi ku raba da wani gida.

Maƙwabciya, Zariya: Ni Musulma ce amma wlh labarinki labarinmu ne duk ƙaramar Sallah. Abin da nake yi, tabarau da agogon roba da balan-balan ina sayensu dozin a wajen 'yan sari mu raba da matan gidanmu, ya fi arha nesa ba kusa ba. Kuma kuɗin da yara suke samu a yawon gaisuwa kar ki karɓe gaba ɗaya, ki ce yaron ya tara ya sayi bindigarsa da kansa bayan biki, lokacin ma ta yi arha.

Wani saurayi: Ni dai ban ga dole a sabon kaya ba, haihuwar Yesu ake tunawa ba gasar kwalliya ba.

Maman 'yan biyu, Bukuru: Ƙanena ka bari sai ka haifa ka tura naka ajin Lahadi da tsohon kaya cikin sa'o'insa tukuna mu ji bayani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Ubangiji ya saka muku. Na kai dubu 25 makaranta yau da safe, rasit yana hannuna, bashin waya kuma na fasa. Kaka na yi yadda kika ce, na zaunar da ita daren jiya, ta ce takalmin take so jakar a bari, wai kuma a saya da ɗan girma don ta sa har Ista, sai da na juya baya na share hawaye. Maigida ya ce zai kira Mama da kansa. Asabar zan sayo atamfar. Mai gwanjo don Allah wace rana ake fasa dilar kayan yara, kuma ƙarfe nawa zan iso?