Neman shawara: Shin ƙaunar Allah tana iya ƙarewa a kan mutum?

Mai tambaya:

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, iyayena da 'yan'uwana. Na zo da wata damuwa da ta fi ƙarfina, ina kuma roƙon waɗanda Allah ya ba su sanin Maganarsa su taimake ni. Mahaifina ya yi shekaru yana dattijo a ikkilisiyarmu, shi ne kuma ma'aji. A wani lokaci bashi ya yi masa katutu, sai ya taɓa kuɗin ginin majami'a da niyyar mayarwa, asiri ya tonu kafin ya mayar. Dattawa suka sa shi a horo, suka hana shi cin Jibin Ubangiji. Ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin duka, ya nemi gafara a gaban jama'a, aka karɓe shi, amma tun daga nan a bencin baya yake zama.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, kuma tun lokacin ba shi da wata magana sai cewa Allah ya daina ƙaunarsa, ciwon ma hukunci ne. Idan na karanta masa Irmiya 31:3, inda Allah ya ce da madawwamiyar ƙauna ya ƙaunaci mutanensa, sai ya ce in buɗe Yusha'u 9:15, inda Allah ɗin nan ya ce ba zai ƙara ƙaunarsu ba, sa'an nan in buɗe Ibraniyawa 6:4-6, mai cewa ba shi yiwuwa a sāke jawo waɗanda suka fāɗi zuwa ga tuba. Ya fi ni sanin Littafi Mai Tsarki nesa ba kusa ba, saboda haka kullum ni nake yin shiru. Shin ƙaunar Allah madawwamiya ce da gaske, ko kuwa akwai iyakar da idan mutum ya ƙetare ta, ta ƙare? Me zan faɗa wa Baba?

Amsar wani fasto mai ritaya:

'Yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki, ya kuma ba Baba sauƙi. Ayar Yusha'u da ya nuna miki tana nan a rubuce, kada ki yi masa musu a kanta, sai dai ki roƙe shi ku ci gaba da karatun littafin har ƙarshe. Annabi Yusha'u ya yi wa'azi ne ga mulkin Isra'ila ta arewa gab da faɗuwar Samariya a hannun Assuriyawa a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, kuma abin da ke sura 9 hukunci ne na gaske, gama an kore su daga ƙasar kamar yadda aka faɗa. Amma a sura 11 aya 8, Allah da kansa yake tambaya yadda zai iya rabuwa da Ifraimu, wato Isra'ila ta arewa, yana cewa zuciyarsa ta juya a cikinsa, a sura 14 aya 4 kuma ya yi alkawari zai warkar da rashin amincinsu, ya ƙaunace su hannu sake. Mutanen da aka yi wa maganar sura 9 su ne dai aka yi wa ta sura 14. Abin da ya ƙare shi ne zaman lafiyarsu a ƙasar da kāriyar da suke morewa, zuciyar Allah kuwa ba ta bar su ba.

Ki lura kuma da lokacin da aka faɗi ayar Irmiya da kike karanta masa. Ba a kwanakin biyayya aka faɗe ta ba. An faɗe ta ne ga al'ummar da zunubinta ya kai ta bauta, a zamanin da Babila ta rushe Urushalima da Haikali, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. A Ishaya 54:8 an ajiye abubuwan biyu a jere: fushin na ɗan lokaci ne, ƙaunar kuwa madawwamiya ce.

Tushen maganar, a ganina, yana cikin Yohanna 17:24, inda Yesu ya ce Uba ya ƙaunace shi tun kafin a kafa duniya. Ƙauna tana tsakanin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki tun babu wani mahaluki da za a ƙaunata, shi ya sa Yohanna bai tsaya ga cewa Allah yana yin ƙauna ba, ya ce Allah ƙauna ne. Da a ce amincin Baba a kan kuɗin majami'a ne ya jawo masa ƙaunar Allah, da lalle rashin amincinsa zai kore ta. Amma Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, kuma a ranar da aka gicciye shi, laifin Baba ba ɓoyayye ba ne a gare shi.

Amsar wani malamin makarantar Littafi Mai Tsarki:

'Yar'uwa, bari in ɗora a kan abin da Baba Fasto ya faɗa ta wajen Ibraniyawa 6, domin wannan aya ta daɗe tana tsorata masu bi. A shekara ta 250, sarkin Roma Deciyus ya umarci kowa ya miƙa hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, Kirista da yawa kuma suka yi saboda tsoro. Da tsanani ya lafa suka dawo suna kuka, sai gardama ta tashi. Wani firist a Roma mai suna Nobatiyan ya ce ikkilisiya ba ta da ikon karɓar irin waɗannan, mabiyansa kuma sukan kafa hujja da wannan nassin. Amma Sifiriyan, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, tare da bishof-bishof da suka taru a can a 251, sun yanke cewa a karɓe su bayan sun nuna tuba, wanda kuma yake bakin mutuwa kada a bar shi ya tafi ba tare da an sulhunta shi ba. Majalisar Nikiya ta 325, wato babban taron bishof-bishof, ta tabbatar da wannan hanya. Waɗannan mutane musun Almasihu suka yi a fili, duk da haka ba a rufe musu ƙofa ba.

Nassin yana magana ne a kan wanda ya juya wa Almasihu baya gaba ɗaya yana kunyata shi a sarari, har ba ya ma son tuba. Mutumin da ya sayar da gonarsa ya biya, ya tsaya a gaban jama'a ya nemi gafara, yau kuma yake baƙin ciki domin yana tsoron ya rasa Allah, ba shi ake nufi ba. Ki tambayi Baba a hankali, wane ne ya sa masa tubar da ya yi, in ba Ruhu Mai Tsarki ba?

Amsar wani ɗan'uwa:

Ina girmama iyayena da suka yi magana, amma ina tsoron kada matasan da ke karanta wannan su ɗauka cewa tun da ƙaunar Allah ba ta ƙarewa, mutum yana iya yin abin da ya ga dama. Yesu ya ce a Yohanna 15:10 idan mun kiyaye umarnansa za mu zauna cikin ƙaunarsa, Yahuza aya 21 ta ce mu tsare kanmu cikin ƙaunar Allah, a Matiyu 25:46 kuma an kira hukunci madawwami kamar yadda aka kira rai madawwami. Idan ba a iya fita daga cikinta, me ya sa aka ce mu zauna? Ban ce Baba ya fita ba, amma kada mu share gargaɗi saboda muna son yin ta'aziyya.

Fasto mai ritaya ya sāke amsawa:

Ɗana, tambayarka tana kan hanya, kuma a nan ne ikkilisiyoyi suka sha bamban. Taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a garin Dort na ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 ya koyar cewa wanda aka sāke haifa da gaske Allah zai riƙe shi har ƙarshe, ko da ya yi mummunar faɗuwa kamar Dawuda da Bitrus. John Wesley da Metodis da suka bi shi sun koyar cewa mai bi yana iya barin bangaskiya ya hallaka, Katolika ma suna koyar da cewa zunubi mai kisa yana raba mutum da alheri har sai ya tuba ya yi ikirari. Ni na fi karkata ga na farkon, amma ban taɓa jin ko ɗaya daga cikinsu ya ce Allah yakan gaji da ƙauna ya kori mai tuba ba. Saɓaninsu a kan ko mutum yana iya ficewa ne ya ƙi dawowa. A kan wanda ya dawo kuwa bakinsu ɗaya, domin Yesu ya ce a Yohanna 6:37 wanda ya zo gare shi ba zai kore shi ba ko kaɗan. Gargaɗin da ka kawo magani ne ga mai taurin kai, kuma akwai ranar da za mu yi wa'azinsa, sai dai ba a bakin gadon wannan dattijo ba.

Amsar wata uwa daga Zumuntar Mata:

'Yata, ni ban yi makarantar tauhidi ba, amma maganar bencin baya ita ta tsaya mini a rai. Ina jin tsoron cewa ba ayoyi ne suka fara koya wa mahaifinki cewa ƙauna ta ƙare ba, fuskokin mutane ne. Mun iya sa mutum a horo, amma ba mu iya fitar da shi ba. A karanta sunansa ranar Lahadi a ce an karɓe shi, sa'an nan shekara da shekaru ba wanda zai ce ya yi addu'ar buɗe taro, ba wanda zai nemi shawararsa, idan an zo maganar kuɗin baiko kuma sai a riƙa satar kallonsa. Manzo Bulus ya rubuta wa Korantiyawa a wasiƙarsa ta biyu, sura 2 aya 6 zuwa 8, cewa horon da aka yi wa mai laifi ya isa, su yafe masa su ta'azantar da shi don kada baƙin ciki ya haɗiye shi, su kuma tabbatar masa da ƙaunarsu. Wannan aiki na ƙarshe shi ne ba a yi wa Baba ba.

Saboda haka ki rage gardamar ayoyi da shi, gama ba za ki ci nasara ba, kuma ba ita yake bukata ba. Ki nemi dattawan da suka zauna a kan shari'arsa su zo gida su gaishe shi, fasto kuma ya kawo masa Jibin Ubangiji har gado. Idan yana son waƙa, ki kira mata biyu ko uku su zo da littafin waƙoƙi. Kina iya karanta masa Zabura 136, ki ɗauki rabin farko na kowace aya shi kuma ya amsa da rabin ƙarshe, domin ayoyinta 26 ne kuma kowacce da magana ɗaya take ƙarewa, cewa ƙaunarsa madawwamiya ce. A kan cewa ciwon hukunci ne kuwa, ki tuna masa amsar da Yesu ya ba almajiransa a Yohanna 9 game da wanda aka haifa makaho, cewa ba zunubinsa ko na iyayensa ne ya jawo makantar ba.

Amsar wata ma'aikaciyar jinya:

'Yar'uwa, ƙari kaɗan daga ɓangaren aikinmu. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki sukan faɗa cikin ciwon damuwa, wanda yakan zo da yawan zargin kai da jin cewa mutum ba shi da amfani, ga mai bi kuma yakan fito da kamannin shakka a kan Allah. Ki gaya wa likitan da ke duba shi irin maganganun da yake yi, da yadda barcinsa da cin abincinsa suke, domin akwai magani, kuma shansa bai saɓa wa addu'a ba.

Mai tambaya:

Na gode, iyayena, Ubangiji ya sāka muku. Mama, abin da kika faɗa haka yake, domin tun da ya kwanta dattijo ɗaya ne kawai ya taka gidanmu. Sai dai ina jin nauyin zuwa wurinsu ni kaɗai, ga ni mace kuma ƙarama, kada a ce na zo in koya wa manya aikinsu. Ta wace hanya zan bi?

Fasto mai ritaya:

'Yata, kada ki je wurin dattawa kai tsaye. Ki ɗauki mahaifiyarki, ko wani kawu da ake jin maganarsa, ku sami faston ikkilisiyarku a gida ba ranar Lahadi ba. Kada ku tā da tsohuwar shari'a, kada kuma ku ɗora wa kowa laifi. Ku ce Baba yana kwance, yana ganin Allah ya rabu da shi, kuna roƙo a zo a yi masa sujada a ba shi Jibin Ubangiji. Faston ne zai kira dattawa, kuma zai fi kyau ku ambaci sunan dattijon nan da ya riga ya zo gaisuwa, domin shi ne zai fi sauƙin jawo sauran. Ki sanar da Baba tun kafin ranar, don kada zuwansu ya zo masa ba zato ya ɗauka wata sabuwar tuhuma ce.