Neman kalma: me za mu kira "citation" da Hausa?

1/
Jama'a, musamman malamanmu na Jami'ar Jos da na cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da masu fassara labarai a gidajen rediyo, ga wata kalma da nake so mu tsayar da ita. Duk sanda aka zo gabatar da wani masanin abincin dabbobi, sai ka ji an ce yana da maƙalu kaza, kuma "an yi citation ɗinsa sau dubu kaza". Mai kiwon kaji a Bukuru in ya ji haka, bai san yabo ba ne ko tuhuma. Alhali kuwa shi ya fi kowa bukatar sanin wanda zai ba amana a kan abin da yake zuba wa kajinsa.

2/
Mu fara da abin kansa kafin sunansa. Masani ya yi gwaji, ya rubuta maƙala, mujalla ta buga. Bayan shekara biyu wani masanin a Zariya ko a Indiya yana rubuta tasa, sai ya kawo sunan na farko da shekarar aikinsa a cikin rubutun, ya kuma sa shi a jerin manazarta. Wannan kawowar ita ce abin da muke nema wa suna. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya kawo shawarar a riƙa tattara su tun 1955, kuma a 1964 cibiyarsa ta fitar da kundin da ke nuna wa ya kawo aikin wa. Yau rumbunan maƙalu na intanet, Google Scholar da Scopus, waɗanda aka buɗe su duka a 2004, su ke ƙirga wa mutum nasa. Kwamitocin ƙarin girma a jami'o'i suna dubawa, masu ba da kuɗin bincike ma haka.

3/
Manazarta da madogara muna da su, ɗaliban Hausa sun daɗe suna amfani da su. Amma su sunan jerin da ke ƙarshen rubutu ne. Abin da ba mu da shi shi ne sunan aikin, wanda za a iya cewa an yi shi sau kaza.

4/
Yanzu ga shawarwarin da kuka aiko. Malam, Allah ya ƙara sani, na ga ka kawo "ruwaya". Na daɗe ina juya ta, don kalma ce mai asali a wurinmu, kuma duk wanda ya zauna a zaure ya san darajar a ce wane ya ruwaito daga wane. Inda na tsaya shi ne, mai ruwaya magana yake ɗauka ya isar da ita yadda ya ji ta, kuma amana ce a wuyansa. Mai rubuta maƙala sau da yawa ba ya ɗauko ko jimla ɗaya daga aikin da ya kawo. Nuni kawai yake yi. In muka ce an ruwaito daga Dakta sau ɗari biyar, mai sauraro zai ɗauka mutum ɗari biyar ne suka karanta aikin suka kiyaye shi suka isar. Ba lallai haka ta faru ba. "Nassi" kuwa, da ita ma aka kawo, ina ganin mu bar ta inda take, ta fi ƙarfin maƙalar gwajin dusa.

5/
Yaya, taki shawarar ta "kafa hujja" ita ce ta fi samun magoya baya, kuma na fahimci dalili: tana da daɗin faɗa, ba ta bukatar bayani. Bari in kawo misali daga fagen nan namu, don a ga inda take zamewa.

Akwai wani masani a Jami'ar Cornell ta Amurka, Peter Van Soest. Shi ya fito da hanyar gane yawan ɓangaren ciyawa mai tauri wanda ba ya saurin narkewa a tumbin saniya. Ana tafasa samfurin ciyawar a ruwan wani sinadari mai kama da sabulu, abin da zai narke ya narke, abin da ya rage a auna shi. Idan ragowar ta yi yawa, kamar a karan dawa ko ciyawar da ta bushe a tsaye cikin rani, tumbi zai cika da wuri, saniya ta daina ci tun ba ta sami abin da jikinta ke bukata ba. Maƙalar da ya rubuta da abokan aikinsa biyu a 1991 an kawo ta sau dubun-dubata. To amma masu kawo ta ba wata hujja suke kafawa ba. Suna gaya wa mai karatu ne da wane mudu suka yi awo, don wani ya iya maimaita gwajin.

Sannan akwai wanda zai kawo aikinka don ya ce ka yi kuskure. Garfield da kansa ya lissafa dalilai 15 da ke sa a kawo aikin wani, a ciki har da gyara shi da sukarsa. Na'ura ba ta bambance wannan da wancan. Wanda aka yi wa raddi sau hamsin da wanda aka yaba sau hamsin, lamba ɗaya za ta ba su. Za mu ce an kafa hujja da wanda aka ƙaryata? Wannan matsalar ita ce ta kayar da shawarar "dogaro" ma.

6/
Ni abin da nake gani shi ne "ambato". An ambaci aikinsa sau kaza. Yawan ambato. Ambaton kai, ga wanda ke yawan kawo nasa aikin a nasa rubutun. Wani ɗan'uwa ya ce kalmar ba ta da nauyi, ko a kasuwar Taminus ana ambaton mutum. Gaskiya ne, kuma rashin nauyin nan shi ya sa nake son ta. Ba ta yi wa mai sauraro alkawarin abin da lissafin bai ƙunsa ba. An kira sunan aikin, iyakarta ke nan, kuma iyakar abin da na'urar ta ƙirga ke nan.

7/
Yanzu ga inda na fi damuwa, wato kalma ta biyu, "impact", wadda ake fassarawa da "tasiri". Na sha jin an ce wane yana da babban tasiri a fagen abincin dabbobi, da ka bincika sai ka tarar yawan ambato ake nufi. Ina roƙon mu daina.

Ku duba angurya. Ƙulin da ake samu bayan an tatse manta abinci ne mai furotin, kuma ya fi na waken soya araha. Amma akwai wata guba a cikinta da ake kira gosifol. Babbar saniya tana jure mata fiye da kaza, don tumbinta yana rage mata ƙarfi. Kaza kuwa, in abin ya yi yawa, girmanta zai tsaya, gwaiduwar ƙwanta ta sauya launi in ƙwan ya kwana biyu a ajiye. A ce wata malama ta share shekaru tana gwada iyakar abin da za a iya haɗa wa kajin ƙwai ba tare da illa ba, ta buga a wata mujallar gida da Scopus ba ta lissafawa. Malaman gona suka ɗauka, masu haɗa abincin kaji a Jos suka yi aiki da shi, kuɗin buhu ya sauka. Ambato bakwai ta samu. Shin aikinta ba shi da tasiri?

Haka wanda ya nuna wa makiyayi yadda zai adana harawa, ko yadda 'ya'yan gawo ke riƙe tumaki a tsakiyar rani, ko yadda shanya ɓawon rogo ke rage gubarsa kafin a ba dabba. Kazar nan Shika Brown da cibiyar binciken kiwo ta Shika ta samar, darajarta a akurki ake ganinta. Rigakafin da cibiyar Vom ke yi, wadda take nan tun 1924, garken da bai mutu ba shi ne shaidarsa. Wannan shi ne tasiri a Hausar da na tashi da ita: abu ya taɓa ka, ya sauya maka hali.

8/
Saboda haka ga wadda nake ba da shawara: "amo". Amon bincike. Aikinsa ya yi amo a tsakanin masana, wato an ji shi, ya kai nesa, ana ta kiran sunansa. Amo abu ne mai kyau, ban raina shi ba. Masaninmu da aikinsa ya yi amo har Jamus da Birazil abin alfahari ne, kuma yawanci ba a banza ake samun haka ba. Sai dai in muna da kalmomi biyu, mai gabatarwa a rediyo zai iya cewa Farfesa aikinsa ya yi amo, ga kuma tasirin da ya yi wa masu kiwo. In na biyun babu, mai sauraro zai ji giɓin da kunnensa.

Wani lokacin ma tasiri kan yi yawa har ambato ya ɓace. Johan Kjeldahl, ɗan ƙasar Denmak, ya fito da hanyar auna naitirojin a 1883. Har gobe da ita ake gane furotin ɗin dusa ko ƙulin gyaɗa: a auna naitirojin, a ninka da 6.25. Kowane ɗalibin kimiyyar dabbobi ya san sunansa, amma galibi littafin ƙa'idojin gwaji ake sa wa a manazarta, ba maƙalarsa ba.

9/
Dakta, ranka ya daɗe, ka tambayi lambar nan ta h. Wani masanin fiziya a Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya kawo ta a 2005. In aka ce h ɗin mutum 12 ne, yana da maƙalu 12 da kowacce aka ambata aƙalla sau 12. Wanda ke da maƙala ɗaya mai ambato 900, sauran kuma ba wanda ya kula su, lambarsa ba za ta yi nisa ba. Ina ganin "ma'aunin h" ya isa, kada mu wahalar da kanmu. Abin da ya kamata mai fassara ya riƙa faɗa shi ne inda aka ɗauko lambar, don mutum ɗaya yakan sami babba a Google Scholar, ƙarama a Scopus, saboda na farkon yana kwaso har kundayen digiri da ƙananan mujallu. Kuma ba a gwada lambar masanin abincin awaki da ta mai binciken ciwon daji. Yawan masu rubutu a fagagen biyu ba ɗaya ba ne.

10/
Ma'aunin mujalla kuma, wato "impact factor", wanda ake lissafawa da ambaton da maƙalunta na shekara biyu da suka wuce suka samu, "amon mujalla" ya zauna daidai. A 2012 wasu masana da editoci sun haɗu a San Faransisko sun tsara sanarwa cewa a daina auna mutum da lambar mujallar da ya buga a ciki. In muka ce amon mujalla, sunan da kansa ya faɗi mai abin.

11/
Hajiya, kin ce yaya jam'in ambato zai kasance, ko "ambatoci". Kunnena bai karɓe ta ba. Ina ganin ba ma bukatar jam'i, "sau" ta ɗauke mana nauyin. Ga yadda zan rubuta in an ba ni gabatarwa: "Malamar ta buga maƙalu 40 a kan abincin kaji da na tumaki. An ambaci ayyukanta sau 600 a lissafin Google Scholar, ma'aunin h ɗinta 14. Wanda ya fi amo shi ne na ƙulin angurya." Masu aiki a ɗakin gwaji a Vom, ku karanta wannan da ƙarfi, ku gaya mini in akwai inda harshe ya yi tuntuɓe.