Faifai yana cika, amma girman rumbun bayanai bai ƙaru ba

Mai_Kula_da_Saba:
Assalamu alaikum. Ina kula da rumbun bayanai na PostgreSQL 14 a kan Linux. Duk lokacin da na duba da pg_database_size, girmansa ba ya wuce gigabait 40, amma umarnin df yana nuna cewa faifan mai gigabait 200 ya kusa cika, kuma kullum ƙaruwa yake yi. Me yake cinye wurin, kuma me ya kamata in riƙa sa wa ido?

Injiniya_K:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da pg_database_size yake ƙirgawa shi ne teburori da fihirisar rumbun kaɗai, ba ya haɗawa da jakar pg_wal, inda ake ajiye WAL, wato fayilolin da ake rubuta kowane canji a cikinsu kafin ya shiga tebur. Tsofaffin jagorori suna kiranta pg_xlog, domin sai a siga ta 10, a 2017, aka canza mata suna. Kowane fayil a ciki megabait 16 ne a tsarin asali, kuma ko da yake max_wal_size, saitin da ke ƙayyade girman jakar, yana kan gigabait 1 a tsarin asali, wannan iyakar ba ta hana jakar kumbura idan akwai abin da ya hana a share tsofaffin fayiloli. Abu biyu ne suka fi jawo haka: archive_command, wato umarnin da ke kwashe fayilolin zuwa ma'ajiya, da ke gazawa ba a lura ba, ko gurbin kwafi (replication slot), wanda ke riƙe fayilolin har sai sabar kwafi ta karɓe su, da aka buɗe wa wata sabar da ta daina karɓa. Ka auna jakar da umarnin du, sannan ka duba pg_replication_slots, ka ga ko akwai layin da active ɗinsa yake false.

Hajiya_Data:
Ka riƙa duba n_dead_tup, wato adadin matattun layuka (waɗanda aka goge ko aka sauya amma suna riƙe da wuri), a pg_stat_user_tables ma, duk da ban zaci shi ne matsalarka ba, tunda matattun layuka suna cikin lissafin gigabait 40 ɗin. Kada dai wani ya ba ka shawarar VACUUM FULL, umarnin da ke matse tebur don dawo da wuri, a wannan hali, domin sabon kwafin tebur yake rubutawa kafin ya saki tsohon, ga shi yana kulle teburin har ya gama.

Mai_Kula_da_Saba:
Allah Ya saka muku da alheri. Jakar pg_wal ce ta cinye wurin, kuma na tarar da gurbin wata sabar gwaji da aka kashe tuntuni. In goge tsofaffin fayilolin da hannu?

Injiniya_K:
Ko kusa kada ka taɓa su, domin idan ka goge wanda ake bukata, rumbun zai iya ƙin tashi. Idan ka tabbatar babu mai amfani da gurbin, ka cire shi da pg_drop_replication_slot, sannan ka gudanar da umarnin CHECKPOINT, PostgreSQL zai share tsofaffin fayilolin da kansa. Bayan haka ka saka iyaka a max_slot_wal_keep_size, saitin da ke ƙayyade yawan WAL ɗin da gurbi zai iya riƙewa, wanda aka shigo da shi a siga ta 13, tare da sanin cewa sabar kwafin da ta wuce iyakar sai an sake gina ta. Ƙararrawar gargaɗi kuma ka ɗora ta kan faifan da kan jakar pg_wal daban-daban, domin idan wurin rubuta WAL ya ƙare, rumbun nan take yake tsayawa.