Wai me intanet ya fi canzawa a rayuwarmu ta yau da kullum?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure a majalisarmu, ni na ce ba abin da intanet ya canza mana kamar harkar kuɗi, wani abokina ya ce a'a zumunci ne, wani kuma ya ce ba abin da ya ƙara mana sai gulma da ɓata lokaci. To na kawo muku, kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a garinsu. Manyanmu da suka san zamanin da babu waya don Allah ku ma ku sa baki.

Maman_Iman:
Wa alaikumussalam. Malam ni dai ina bayanka, kuɗi ne. Ina cikin gidana nake sai da atamfa da leshi da mayafai, ban da shago ban da kwana a kasuwa, yaron shagon da nake sara a Kantin Kwari zai turo min hotunan sabbin kaya da safe in ɗora a sitatus, kafin azahar wata a Gombe ta zaɓa wata a Kaduna ta zaɓa, su yi taransifa in ga alat, a kai tasha a ba direba shikenan. Wasu kwastomomina mun shekara muna ciniki ko fuskarsu ban sani ba. Da fa mace in tana aure sana'arta ba ta wuce abin da yara za su ɗauka a kai su zaga unguwa, ko dillaliya ta shiga gida gida da shi.

Kuma in kuna son ku san ranar da abin ya zauna daram, ku tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da aka sauya 'yan 200 da 500 da 1000 takardar kuɗi ta ɓace. Kafin nan mai kayan miya ka ce masa taransifa ai sai ya yi maka kallon mahaukaci. Wahala ce ta sa kowa ya buɗe akawun, mai shayi, mai nama, ɗan adaidaita, yanzu ko ƙosai za ka saya za ka ga an liƙa lambar OPay ko Moniepoint a jikin bango. Matsalar kawai masu alat na bogi, an taɓa yi min da turmi biyu, tun daga nan sai na buɗe na ga kuɗi sun zauna kafin kaya su bar hannuna, ko ƙanwata ce.

Baba_Mai_Rediyo:
'Yata kin yi gaskiya amma ba duka ba. Ku yara kuna ɗaukar abin kamar da shi aka halicci duniya. Mu da wasiƙa muka tashi, wanda bai iya rubutu ba ya je bakin gidan waya a rubuta masa, sirrinsa duk a kunnen wani. Daga baya aka koma kaset, yayana yana Makka sai ya ɗauki muryarsa ya ba alhazai su taho da shi, a tara gida kaf a kunna, tsohuwarmu tana kuka tana amsa masa gaisuwa kamar yana jinta. Amsa kuma sai wata shekarar. Wayar NITEL ta gidan masu hali ce. Da GSM ta zo a 2001 layi kaɗai sai ka ba da wajen naira dubu 20, kira naira 50 minti ɗaya ko da sallama kawai ka yi ka kashe, sai da Glo ta zo a 2003 aka fara lissafi da sakan. Shi ya sa muka ƙware a filashin.

Don haka ni a wurina babban abin shi ne saƙon murya na WhatsApp. Shi ne ya shigo da wanda bai yi boko ba. Matata ba ta karanta ko harafi ɗaya amma ta fi ni guruf, na dangi, na Islamiyya, na adashi, ta danna ta yi magana ta saki. Kaset ɗin nan ne dai ya dawo, sai dai yanzu ba a jiran alhazai.

Inda nake da ƙorafi, gaisuwar mutuwa. Mutum yana Kano kana Kano a yi maka rasuwa ya rubuto Allah ya jiƙan rai a guruf da hoton hannu biyu ya ɗauka ya fita haƙƙi. Wani ma kafin a sanar da iyalan mamaci an riga an ɗora hotonsa a Facebook, 'ya ta ga mutuwar ubanta a waya. Wannan ba daidai ba ne ko ta ina.

Ɗan_Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi zancen saƙon murya bai taɓa zuwa raina ba. To amma ba ta nan ɗin ƙarya ta fi yawo ba?

Baba_Mai_Rediyo:
Ta nan ne mana. Ka manta 2014 lokacin Ebola da aka tashi mutane cikin dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha? Har asibiti abin ya kai wasu. Lokacin ma masu babbar waya ba su da yawa, yanzu kuwa kowa malami kowa likita kowa ɗan jarida. Ni har gobe in na ji labari a guruf sai na jira BBC ko DW sun faɗa.

Bamaraɗe:
Salamu alaikum, ku ba mu wuri mu ma mutanen Nijar. Nan Maraɗi abin da hajiya ta hwaɗi haka yake, 'yan kasuwarmu da yawa sun rage zuwa Kano, hoto ake turo musu su zaɓa a sako kaya a mota ta Jibiya. Ɗiyanmu da ke Libiya da Aljeriya da Abijan kuwa da sai a shekara ba a ji ɗuriyarsu ba, yanzu uwa na ganin ɗanta a salula, kuɗi kuma ta kamfanonin aika kuɗi irin su Nita ko Amana ko Al Izza, a kira ta ta tai ta amsa. Sai dai ku hita gari kaɗan ku gani, akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun rezo, cajin salula ma sai ranar kasuwa wurin mai sola.

Ummu_Gusau:
Yawwa gara da ka faɗi haka, don duk wanda ya yi magana a sama ɗan birni ne. Mu a Zamfara mun ga rayuwa ba sabis da girmanmu, watan Satumba 2021 aka yanke layuka gaba ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga. Ranar farko mutane na dariya wai za a huta, kafin sati kowa ya gane kurensa. POS ya tsaya, mai jiran ɗansa ya turo kuɗin cefane daga Legas ba hali, mara lafiya ba ka iya kiran kowa, muka koma rubuta takarda muna ba direbobi. Da farko Funtuwa ake tafiya takanas don a yi kira a ciri kuɗi, daga baya can ma aka yanke. Ni a nan na yarda da Ɗan_Fagge, don ba hira muka fi kewa ba, kuɗi ne suka maƙale.

Sadiq_Injiniya:
Ni ɗalibi ne bari in faɗi namu a gajarce. JAMB tun 2015 a kwamfuta ake yi, rijistar makaranta da duba sakamako duk a intanet, yaron ƙauye da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ranar jarrabawa zai fara, kun ga ai ba a tashi daidai ba. Karatu kuma rabin abin da na iya a YouTube na koya ba a aji ba. Amma data fa ta zama kamar cefane, tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data a farkon 2025 sai dare nake sauke bidiyo. Baba kuma a yi mana afuwa kan gaisuwa a guruf, wani lokacin kuɗin mota ne babu.

Maman_Iman:
Sadiq kuɗin mota ne babu amma akwai na data ko? 😂 Baba kar ka saurare shi. Ummu_Gusau in kina Gusau har yanzu ki min magana ta inbos, ina neman wadda za ta riƙa karɓar min kaya a tasha a can.